Yadda Gundappa Ya Raba Harajin Malama

Ranar Talata, sha shida ga watan Yulin bana, aka fara zaluntar Malama Prabhavati Nadiger, kuma a gaban shaidu aka yi. Wurin shi ne ajin ƙarshe na makarantar 'yan mata da ke unguwarsu a garin Dharwad na ƙasar Indiya, inda Ƙungiyar 'Yan Fansho take taruwa duk mako bayan an tashi yara. Mai laifin kuwa Gundappa Ullagaddi ne, tsohon sufeton tikiti na motocin haya, wanda har yau yake yawo a gari da lema a hammata kamar bai yi komai ba.

A wannan makaranta Malama ta koyar da lissafi har kanta ya yi fari. Ba ta taɓa makara ba, ba a taɓa kiranta ofis ba, kuma rabin matan garin ta hannunta suka bi. Tun da ta yi ritaya, da kanta take cike takardar harajinta ta shekara. A wurinta abin ba wuya. Bankin da ke biyanta fansho yana yanke haraji kowane wata kafin kuɗin ya iso gare ta. In Yuli ya zo, sai ta rubuta fanshon gaba ɗaya yadda yake kafin yanka, ta fitar da harajin da ya hau kanta, ta ɗebe abin da banki ya riga ya yanke da sunanta. In da saura ta cika, in an yanke fiye da ƙima a mayar mata. Amma bana likita ya cire mata yana a idon dama ya naɗe shi, na hagu kuma da ma can hazo kawai yake gani. Ya hana ta karatu sai sabon tabarau ya iso, ga shi wa'adin takardar ƙarshen wata ne.

Tana zaune a wannan hali, Gundappa ya miƙe ya buga tebur.

"'Yan'uwa, sai yaushe za mu daina zuba ido ana yanke mana kuɗi? Bana duk abin da aka yanke sai ya dawo. Ni zan cike wa kowa takardarsa, kyauta. In kuɗin sun shigo, mu ɗauki hayar bas mu tafi bakin teku a Gokarna mu ci kifi."

Hanif Saheb Nadaf, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ajiye kofin shayinsa. "Gundappa, yaushe ka karanci haraji? Mu dai da huda tikiti muka san ka."

"Saheb, jami'in haraji ya yi haya a benena. Bango ɗaya ne tsakanin gadona da nasa."

"To ta bangon ilimin ya ratso?"

"Har munsharinsa na sani."

"Ba shi ne ya gudu bai biya ka kuɗin haya ba?"

"Wannan ma dabara ce, kuma na koye ta."

Aka yi dariya, amma maganar kifi ta riga ta shiga zukata. Kafin a tashi kowa ya miƙa takardunsa, har Hanif Saheb, wanda ya ce shi don ya ga ƙarshen wasan ne kawai. Malama ce ta ƙarshe, kuma ba da son ranta ba.

"Ullagaddi," in ji ta, don da sunan gida take kiran kowa kamar tana kiran rajista, "saurara da kyau. Ka rubuta fanshona duka, kafin yanka. Sannan a gurbin abin da aka yanke, ka rubuta abin da banki ya yanke mini. Kada ka ƙara, kada ka rage. Maimaita."

"Haba Akka," in ji shi, don haka ake kiran babbar yaya a can, "ni za a ce wa maimaita? Ki kwantar da idonki kawai."

Nan ne ta yi kuskurenta guda ɗaya: ba ta sa shi ya maimaita ba.

Ƙungiyar tana da wata al'ada tun kafuwarta, komai daidai ake rabawa. Kuɗin shayi, kuɗin soyayyen barkono, kuɗin furannin jana'iza in wani ya riga mu gidan gaskiya, a haɗa a raba kan kowa. Gundappa ne mai rabon, kuma ya daɗe yana ganin babu wata matsala a duniya da wannan hanya ba za ta warware ba. Abin da ya faru a gidansa, matarsa Neelavva ce ta ba Malama labarinsa daga baya.

Ya baje takardu a tabarma, ya buɗe tsohuwar kwamfutar da 'yarsa ta bari. Ruwa na zuba, rufin na yoyo, ya sa Neelavva ta tsaya masa da lema. Da ya duba sai ya ga wani abu da ya ba shi haushi. Malama, da yake fanshonta ya fi na kowa, ita aka yanke wa mai yawa. Hanif Saheb da sauran kuwa fanshonsu bai kai a yanke musu komai ba.

"Kin ga rashin adalci?" ya ce wa Neelavva. "Akka ce aka yanke wa, amma in ta nema ba za a mayar mata ba, don haraji ya hau kanta. Su Saheb kuma haraji bai hau kansu ba, duk abin da suka nema sai a ba su, amma ba su da abin nema. To a ɗauki nata a raba musu daidai. Kowa ya rubuta kasonsa a gurbin abin da aka yanke, kuɗi su dawo cif."

"Ita fa Akka?"

"Ita ai gwamnati ta riga ta ƙoshi da ita. A bar gurbinta fayau. Kuma fanshonta ma abin da ya shigo hannunta kawai zan rubuta. Kuɗin da mutum bai taɓa riƙewa ba, yaya za a ce nasa ne?"

"Maigida, ba haka ta ce maka ba."

"Ke riƙe lema. Akka ta san lissafi, ni na san gwamnati."

Da ya gama ta Malama, kwamfutar ta nuna da jan rubutu cewa akwai harajin da ba a biya ba, ta tambaye shi ko yanzu za a biya ko daga baya. Gundappa ya danna daga baya, ya juya ya dubi matarsa.

"Kin gani? Har lallashi take yi."

Washegari ya bi gida gida yana karɓar lambobin tabbatarwa da aka turo a wayoyin mutane. Ta Malama da kansa ya karanta, tunda ba ta gani. Ta tambaye shi ko lissafin ya daidaita.

"Ya daidaita, Akka. Ban taɓa ganin abin da ya daidaita kamarsa ba."

Daga nan gari ya yi masa kaɗan. Ya ba direban bas kafin alƙalami daga asusun ƙungiya. Ya je shagon mai alewar madara ya yi odar kwalaye bashi. Ya sa ranar bikin karrama shi, Lahadin ƙarshe ta watan Agusta, ya je kasuwa da kansa ya zaɓo mayafin girmamawa mai bakin zinariya da za a yafa masa, ya rubuta kuɗin a kan ƙungiya, a raba daidai. Masu sayar da kayan miya suka fara kiransa Haraji Saheb, wato Ubangidan Haraji, yana ɗaga musu lema.

Tsakiyar Agusta wayoyi suka fara ƙara. Duk wanda saƙon ofishin haraji ya zo masa, sai ya ruga wurin Gundappa, shi kuma ya ja shi gefe.

"Taka ce kaɗai na'urarsu ta rikita. Kada ka gaya wa sauran, kada ka ɓata musu rai."

Da na Malama ya zo, ta aika aka kira shi. Ya karanta, ya sake karantawa, ya nemi ruwan sha.

"Me suka ce, Ullagaddi?"

"Ƙaramin abu ne, Akka. Laifin banki ne. Gobe mu je tare ki ga yadda ake yi da su."

Suka je. Bankin cike yake da tsofaffi daga kowace unguwa, ga layi har bakin ƙofa. Ya zaunar da ita a benci da baƙin gilashinta, ya wuce layin gaba ɗaya, ya buga kanta da lema. Muryar da ya yi shekaru yana tsorata marasa tikiti da ita, ita ya saki.

"Ina manaja? Ga Malama Prabhavati Nadiger can a zaune! Ofishin haraji na bin ta bashi! Sun rubuto sun ce ba ta biya ko sisi ba, har da ruwa a kai!"

Malama ta ji kawuna suna juyowa duk da ba ta ganinsu sosai. Wata murya a layi ta ce, "Malamar lissafi? Wadda ta tsayar da ni a rana don na ci canjin alli?"

Manaja ya fito. Gundappa ya ce a buɗe akwatin ƙarfe a fito da kuɗin da aka yanke wa Malama a ba shi a hannu, zai kai ofishin haraji da kansa.

"Kaka," in ji manaja, "kuɗin nan ba sa nan. Duk wata ake tura su ga gwamnati da lambar harajin Malama. Suna can da sunanta. In ta rubuta su a takardarta, za a ɗebe mata. Wa ya cike mata?"

"Ka ji ko?" Gundappa ya juya ga layi. "Da an matsa su sai su koma tambaya!"

Ya kamo hannun Malama ya yi waje da ita da sauri har ya manta lemarsa. A cikin babur mai ƙafa uku ta ce masa ya kawo mata kwafin takardarta. Ya ce tawadar injin bugawa ta ƙare. Bayan kwana biyu ya ce ruwa ya jiƙa ta. Da ta sake aikawa, aka ce ya tafi gaisuwar mutuwa, alhali ana jin tarinsa a bene.

Magana kuwa ta riga ta zaga. Mai kawo madara ya fara neman kuɗinsa kullum maimakon ƙarshen wata. Wata tsohuwar ɗalibarta ta kawo mata ayaba ta ce, "Malama, kowa yana iya shiga matsi." Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne wayar shugabar makaranta. Da ma an gayyace ta ranar malamai, biyar ga Satumba, ta zama babbar baƙuwa ta yi wa yara jawabi a kan riƙon gaskiya. Shugabar ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce kwamiti yana ganin a ɗan dakata har ƙura ta lafa.

Malama ba ta ci abinci ba ranar.

Safiyar Lahadin bikin, tabarau ya iso. Ta saka, duniya ta dawo da layukanta. Ba a jima ba Neelavva ta shigo da gurasar dawa a ƙunshe, ta ajiye, ta zaro wasu takardu daga ƙarƙashin mayafinta ta ɗora a kai.

"Akka, ni dai lema na riƙe," in ji ta.

Malama ta karanta a tsaye. Sannan ta ɗaura farin sarinta, dogon zanen da takan sa ranar jarrabawa, ta nufi makaranta.

Ajin ya cika. An yi hayar lasifika an ɗaure a taga tana fuskantar titi, don Gundappa ya ce bai kamata a hana jama'a amfana ba. Direban bas yana tsaye a baya yana jiran cikon kuɗinsa, mai alewa yana zaune a kan kwalayensa ya ƙi a buɗe. An yafa wa Gundappa mayafi, an rataya masa sarƙar furanni har gwiwa, yana jawabi.

"Kuɗi suna hanya. Gwamnati babbar mota ce, ba ta juyawa da sauri. Wasu za su ce Gundappa bai yi jami'a ba. To ina waɗanda suka yi?"

"Ga ɗaya nan," in ji Malama daga bakin ƙofa.

Kafin ya amsa, Hanif Saheb ya ɗaga wayarsa. "Gundappa, tunda yau ranar farin ciki ce, ni dai tawa da na'ura ta rikita, yaushe za a gyara? Sun ce babu ko sisi da aka taɓa yankewa da sunana."

"Kai ma?" in ji wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya. "Ai ce mini ya yi tawa ce kaɗai!"

"Ni ma haka!"

Wayoyi suka tashi sama kamar hannuwan yara. Gundappa ya ce a yi haƙuri, wannan ya nuna na'urar ce ta lalace gaba ɗaya. Malama ta ratsa tsakiyar aji ba ta kalli kowa ba, ta ɗauki alli.

"Ullagaddi, zo allo."

"Akka, ana cikin biki."

"Zo allo."

Ya zo, furanni na jan ƙasa.

"Da abin da ka sani zan tambaye ka. Fasinja ya sayi tikiti ya hau bas. Sai wani mai wayo ya karɓe tikitin ya yayyaga, ya raba gutsattsarin ga mutanen da ke zaune a tasha, waɗanda ba inda za su. Sufeto ya shigo. Wa zai kama?"

"Wanda ba shi da tikiti."

"Wa ya biya kuɗin mota?"

"Shi ɗin."

"Mutanen tasha fa, in sun kai gutsattsarin ofis, za a ba su kuɗi?"

"A kan me? Ai lambar tikitin ba tasu ba ce. Ni da a zamanina ne, da mari zan..." Ya tsaya.

"Ƙarasa. Wa za ka mara?"

Gundappa ya dubi silin. Daga bayan aji Neelavva ta ɗaga murya. "Amsa mata mana, Maigida. Ba kai ka san munsharin jami'i ba?"

Dariyar da aka yi a ajin, lasifika ta kwashe ta ta watsa a titi, masu babur suka tsaya suna leƙe. Malama ba ta yi dariya ba. Ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe: fansho duka, harajin da ya hau, abin da aka yanke da sunanka. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar ƙarshe.

"Abin da aka yanke wa mutum biyan farko ne da ya yi. Da sunansa yake, a takardarsa yake shiga. Ba shayi ba ne."

"To shi Haraji Saheb," in ji Hanif Saheb, "nawa aka mayar masa a tasa takardar?"

"Bai cike ba," in ji Neelavva. "Yana ta zaɓen mayafi wa'adi ya wuce. Tarar makara ce a kansa yanzu."

Gundappa ya gyara murya ya matso kusa da makirfo. "A kan wannan tara, tunda hidimar ƙungiya ce ta jawo, ina ganin bisa al'adarmu a haɗa ta da kuɗin bas da na alewa a raba dai..."

Bai ƙarasa ba. Ma'aikaciyar jinya ta jefe shi da takalmi, direba ya taso daga baya, mai alewa ya taso daga gefe. Gundappa ya nufi ƙofa, sarƙar furanni ta sarƙe da sandar makirfo, ya ja ta, ta ja waya, waya ta fizgo lasifika daga taga. Haka ya fita titi, mayafi a kafaɗa ɗaya, sanda na ƙara a bayansa, direba yana kiran cikon kuɗi. Hanif Saheb ya ce wallahi ko da an je Gokarna ba za a ga abin kallo kamar wannan ba.

A cikin makon Malama ta zauna ta aika takardar gyara, tata da ta kowa, ɗaya bayan ɗaya, kowa kuma sai da ta sa shi ya maimaita. Da ta mayar da fanshonta yadda yake, ta mayar da abin da aka yanke gurbinsa, sai ga lissafi ya tashi babu ko sisi a kanta, kamar kowace shekara.

Amma takarda kawai aka gyara. Titin makaranta ya ji gaskiya, layin banki bai ji ba, kuma mutanen layin nan sun koma unguwanninsu da abin da suka ji. Mai madara har yanzu kullum yake karɓar kuɗinsa. Shugabar makaranta ba ta sake bugowa ba. Gundappa ya aiko da kwalin alewa, an mayar masa. Ya aiko da rubutaccen ban haƙuri wanda ya fara da cewa ko manyan masana sukan samu saɓani da na'ura, Malama ta bi shi da jan biro ta mayar masa.

Abin da take nema ba shi da yawa, kuma ba za ta rage ba. Ranar Litinin, biyu ga Satumba, ranar da 'yan fansho ke cika banki, Gundappa Ullagaddi zai tsaya a gaban kantar da ya buga da lema. Ba mayafi, ba furanni. Da muryar nan dai da ya kira sunanta, ba ƙasa da ita ba, zai faɗa wa layi cewa Malama Prabhavati Nadiger ta biya harajinta tun kafin kuɗin su iso hannunta, cewa shi ne ya yayyaga shaidar ya rarraba, kuma yana neman gafararta. Daga nan ya taka zuwa ofishin shugabar makaranta ya maimaita.

Malama za ta zauna a bencin nan da sabon tabarau, tana kallon bakinsa. Ya riga ya aiko yana tambaya ko 'yan ƙungiya za su tsaya tare da shi, kowa ya faɗi jimla ɗaya. An ba shi amsa. Wannan kam ba za a raba shi daidai ba, shi kaɗai zai biya.